Furannin da Na Aika wa Kabarin Mama

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa "Lorene, kin tsira, ki gode wa Allah," na ji, kuma na gode. Na tsira ɗin. Amma bari in tambaye ku wani abu: kun taɓa yin wata bakwai cur babu mutum ɗaya da ya yi muku faɗa? Kada ku yi dariya. Ni na yi, kuma har rama na yi.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: shekarata ashirin da huɗu. Ranar da aka haife ni a wani kwari can gabashin Tennessee, likita ya duba ya ce namiji ne, aka rubuta. Ni kuwa tun kafin in iya ɗaure igiyar takalmina na san ba haka ba ne. Tsohon sunana kada ma ku tambaya, ba zan faɗa ba. Lorene sunan Mama ne na tsakiya, shi na ɗauka.

A watan Oktoba na bar gida. Dokokin da ake kafa wa irinmu sun yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, har na daina kunna rediyo a mota. Asibitin da nake zuwa suka ce sun daina ganin irinmu. Lasisin tuƙina kuwa an ƙi canza shi, namiji yake cewa. Sai ranar da wani ɗan sanda ya tsayar da ni saboda fitilar baya, ya karɓi lasisin, ya kalli rigata, ya kira abokinsa ya zo ya taya shi kallo. Sun riƙe ni a bakin titi kusan awa guda, motocin mutanen garinmu suna wucewa a hankali. Bayan kwana huɗu na loda bargon Mama da kaskonta na ƙarfe, na kama hanyar arewa, sai da na ga ruwa ya tare ni na tsaya. Nan ne Duluth, gari a bakin wani babban tafki.

Ɗakina a hawa na uku yake. Gado, tebur, kujera ɗaya, kofi biyu. Na biyun ban san me ya sa na saya ba. Taga tana kallon tafkin, ruwa toka-toka har iyakar gani, jiragen ruwa suna shigowa suna busa ƙaho kamar shanu. Da asuba nake zuwa gidan burodi, da azahar in dawo. A nan babu wanda ya taɓa min kallon banza, wallahi. Kowa murmushi, kowa "sannu Lorene, ya sanyi?" Amma har yau ban san launin labulen falon ko mutum ɗaya a garin nan ba. Za su tura miki mota daga cikin ƙanƙara, su ɗaga miki hannu, su shige gidansu su rufe ƙofa.

Sai Arvo.

Arvo Kangas maƙwabcina ne na ƙasa. Dogo ne har sai ya sunkuya a ƙofa, yana aiki a inda ake loda wa jiragen ruwa kaya, hularsa ɗaya ce tak, ruwan lemo. Wata huɗu yana share min ƙanƙarar kan mota kafin in fito, bai taɓa cewa shi ne ba. Ranar da na kama shi da tsintsiya a hannu, sai ya ce wai tasa yake sharewa hannunsa ya zarce. Tasa tana can ƙarshen layi!

Ni ba na son ɓoye-ɓoye, don haka a Maris na tare shi a matakala na faɗa masa ko ni wace ce, da yadda aka haife ni, da abin da ya koro ni. Na ɗaure fuska ina jira. Can ya ce:

"To. Tayarki ta baya tana son iska."

"Abin da za ka ce ke nan?"

"Ta hagu," in ji shi.

Na haye sama na zauna a kujerata, ban san dariya zan yi ko kuka ba. Washegari na tarar an yi wa tayar iska. Wasu cikinku sun ce sona yake yi. Ni dai ban sani ba, tunda mutanen nan ko gidanka suka cinna wa wuta da murmushi za su yi.

Yanzu ku saurara, don ga abin da ya hana ni sukuni tun da ƙanƙara ta fara narkewa. Lahadi ta uku ga Mayu ita ce Ranar Fure a maƙabartarmu ta kan tudu. Ranar Asabar maza su hau da shebur da manjagara, su nome ciyawa, su tada ƙasar kowane kabari. Ranar Lahadi mata su hau da fure. Ba furen kanti ba, Allah ya kiyaye! Na takarda, wanda aka yanka da hannu, aka naɗe a siririn ƙarfe, aka tsoma a narkakken kaki don kada ruwan sama ya cinye shi. Tun Fabrairu ake fara yi, a teburin kicin ɗin kakata, Kaka Ozella.

Wannan tebur, jama'a! Kaka ba ta taɓa yabon furen kowa ba tunda aka halicce ta. Za ta ɗauka da yatsu biyu, ta juya shi, ta tsuke baki.

"Wannan fure ne ko kunnen alade? Warware."

"Ke, kakin nan daɓe za ki goge da shi?"

'Yan matan gidanmu duk sun yi kuka a teburin nan. Mama ma ta yi, tana da aure da ɗa. Amma baƙuwa, irin matar fasto, idan ta kawo nata, sai Kaka ta washe baki: "Kai, ya yi kyau! Allah ya yi albarka." Tana fita a tura shi bayan firiji.

Ina shekara tara na yi nawa a ɓoye. Mama ce ta koya min a bayan gidanmu, da guntayen takardar da aka zubar. Na kai wa Kaka, na shirya tsaf a ce min kunnen alade. Ta karɓa, ta kalle shi, ta kalle ni.

"Ya yi kyau. Allah ya yi albarka. Je ka taya kawunka wanke shebur."

Ban taɓa jin magana mai daɗi da ta yi min ciwo irin wannan ba.

Shekara uku ke nan da rasuwar Mama. Ni kaɗai ta haifa. Duk shekarun nan na hau ranar Asabar cikin wando da takalmin aiki, na ɗaure gashina a ƙarƙashin hula, na tada ƙasar kabarinta da hannuna. Ranar Lahadi in tsaya a bayan shinge tare da maza, ina kallon 'ya'yan kawuna suna sa mata abin da ya rage bayan sun gama da nasu. Bara ja suka sa mata. Mama ta tsani ja. Rawaya take so, kowa ya sani.

Farkon Mayu saƙon Kawu Vernon ya shigo, yayan Mama, wanda makullin ƙofar maƙabarta yake hannunsa. Ina tsaye a gaban tanda na karanta:

"Asabar ƙarfe bakwai. Shebur ɗinka yana nan."

Na rubuta: "Kawu, ina so in zo Lahadi. In sa wa Mama fure."

Ɗigon nan uku suka yi ta rawa, su ɓace, su dawo. Sannan:

"Ka yi aski, ka sa wando, ka zo Asabar, ba wanda zai ce maka komai. Mun yafe."

Mun yafe! Me na sata?

"Idan na zo a yadda nake fa?"

"Filin na coci ne. Kada ka sa in kira 'yan sanda wa ɗan ƙanwata a kan kabarinta. Ka ji tsoron Allah, ka ji tausayin tsohuwar nan."

Burodi tire biyu na ƙona a ranar. Mai gidan burodin ta dafa kafaɗata ta ce ba komai, yana faruwa da kowa. Na so in ce mata don Allah ki zage ni ko sau ɗaya ne.

Na kira Kaka da yamma. Tun da na faɗa wa dangi gaskiya, ba ta taɓa kashe min waya ba, ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Ba ta kiran tsohon sunan, ba ta kiran sabon.

"Ana lafiya? Ana cin abinci?"

"Ina ci, Kaka."

"An ce can akwai sanyi. A riƙa sa rigar sanyi."

"Kaka, maganar Ranar Fure..."

"Bana tumatir ya yi jinkiri. To, an gode da kira. Allah ya yi albarka."

Haka take yi wa mai kawo wasiƙa.

Duk da haka na sayi takarda rawaya da koriya, da ƙarfe, da kaki. Kada ku tambaye ni dalili, ni ma ban sani ba. Kullum na dawo aiki sai in zauna a teburina in yi ta yanka. Babu hira, babu rediyon coci, babu mai cewa a miƙo almakashi. Ni da ƙahon jirgi. Wani lokaci sai in ɗaga fure da yatsu biyu, in tsuke baki, in ce wa kaina "warware." Sai in ji muryata ita kaɗai a ɗakin.

Ranar Alhamis ina narka kaki a gwangwani, aka yi ta buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Arvo ne, da tulun kashe gobara a hannu.

"Na ji ƙauri."

"Kaki ne. Ba na mutuwa, je ka."

Bai tafi ba. Idonsa yana kan igiyar da na ɗaura daga taga zuwa ƙusar ƙofa, furanni rataye kai ƙasa suna ɗiga a kan jarida. Karo na farko ke nan da wani ya tako ɗakina. Na rasa yadda zan yi, sai na zuba masa kofi a kofin nan na biyu.

"A'a, kada ki wahala."

"Na riga na zuba."

"A'a, da gaske, na ƙoshi."

"Arvo, karɓi ko in watsa maka."

Ya karɓa da sauri. Ashe a wurinsu sai an yi maka tayi sau uku kafin ka amsa, in ba haka ba kai mayunwaci ne. Mu kuwa a gida ka ƙi abin hannun mutum sau ɗaya, kun ɓata har jikoki.

Na ba shi labari duka. Na nuna masa saƙonnin. Ya karanta yana motsa baki.

"Ki aika ta gidan waya mana."

"Za su farfashe. Kuma Kawu ne ke ɗauko wasiƙun Kaka. Kuma furen da bai zo a hannun mutum ba, ba a hawa da shi."

"Dole hannunki?"

"Hannun mutum dai."

Ya kalli hannayensa, manya kamar faranti.

"Awa nawa ne?"

"Sha shida. Kada ma ka fara."

"Dama ina da hutun da ban ci ba."

"Ba ka san su ba! Za su tambaye ka kai na wane ne. A can ba a shiga sai an san na wane ne kai."

"To sai in faɗa musu."

"Ka ce me?"

Kunnuwansa suka yi ja har suka fi hular. Ya shanye kofin da zafinsa ya ce zai je ya duba man mota.

Ranar Asabar da sassafe ya tafi. Na jera furannin a kwalin burodi, kowanne da gadonsa na auduga, na sa shi ya ɗaura wa kwalin bel a kujerar gaba. Na tsaya a titi har motar ta sha kwana. Daga nan na hau sama, igiyar nan babu komai a kanta, sai ɗigon kaki a jarida.

Lahadi na tashi na yi wanka. Ku yi min dariya in kun so: na yi kwalliya. Na sa doguwar rigata rawaya mai ƙananan maɓallai har wuya, wadda na saya tun bara ban taɓa sawa ba. Na sa 'yan kunnen Mama na lu'ulu'un ƙarya, na yi wa gashina kitso ɗaya na kwantar a kafaɗa, har da farin takalmi. Sannan na zauna a kujerata ɗaya tilo, na jingina waya da gwangwanin sukari. A waje hazo ya rufe tafkin, mutane suna yawo da rigar sanyi a tsakiyar Mayu.

Ƙarfe goma ya kira ta bidiyo. A duk kwarinmu a kan tudun nan kaɗai waya take kamawa, shi ya sa muke cewa matattunmu sun fi mu jin labari. Ya sa wayar a aljihun gaban rigarsa, idonta a waje.

Wayyo, kore! Na manta yadda gida yake da kore. Ga itacen al'ul na bakin ƙofa, ga dogayen tebura an shimfiɗa musu farin ƙyalle, ga tukwanen soyayyar kaza da wake da burodin masara an rufe da tawul. Har na ji kamar ƙamshin yana fitowa ta wayar. Mata suna hawa da kwanduna. Ƙasar kowane kabari an tada ta sabuwa, ja. Wani ne ya tada ta Mama bana, ban san ko wane ne ba.

Sai cikin Kawu Vernon ya cika min fuskar wayar, da farar riga da igiyoyin wando.

"Sannu bawan Allah. Ɓata hanya ka yi?"

"A'a, yallaɓai."

"To kai na wane ne?"

Na riƙe bakin tebur.

"Na Lorene ne," in ji Arvo. "Ta aiko da furen mahaifiyarta."



"Ba mu da mai wannan suna a raye," in ji Kawu. "Ka juya da kayanka tun muna mutunci."

"Vernon, matsa."

Muryar nan ko a kabari nake zan gane ta. Hoton ya karkata ƙasa, don Kaka ba ta kai ƙirjin Arvo ba. Farar hularta ta coci, sandarta, rigarta shuɗiya mai ɗigo-ɗigo da take sawa kowace shekara. Ta tsufa, jama'a. A wata bakwai ta tsufa.

"Sannu da hanya, samari. An sha tafiya. A kawo masa shayi mai ƙanƙara."

"A'a, na gode, kada a wahala."

Na dafe kai. Arvo, ka kashe ni!

Kaka ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta nuna kwalin da sanda. Ya durƙusa ya buɗe. Rawaya ta cika min waya.

Na san abin da ke tafe. Na riga na ji shi a kunnena: ya yi kyau, Allah ya yi albarka, a ajiye a mota. Na sa hannu zan kashe wayar don kada in ji da kunnena sau biyu a rayuwa ɗaya.

Ta sa yatsu biyu ta ɗauki ɗaya. Ta juya shi. Ta kai shi kusa da tabarau. Sai na ga bakin nan ya tsuke.

"Ina mai wannan aika-aikar? Tana jina?"

Arvo ya zaro wayar ya miƙa mata. Ta riƙe ta kusa da fuska har hancinta kawai nake gani, sannan ta janye. Ta ga rigar. Ta ga 'yan kunnen, kuma na san ta gane su. Ta daɗe tana kallo.

"Ke! Wannan kakin, fure kika tsoma ko kyandir kike yi wa coci? Dubi kauri! Kuma wa ya ce miki ana naɗe ganye daga sama? Ƙarfen ma kin yanke shi gajere, iska ɗaya za ta kwashe su zuwa gonar mutane. Hannun uwarki sak, ita ma haka ta yi ta ɓata min takarda shekara ashirin."

"Kaka..."

"Kada ki yi min kuka, ban gama ba. Wannan na gefe kunnen alade ne. Wannan ma."

Ina kuka ina dariya, majina har kan rigar da na yi wa tanadin shekara guda. Na ce, "In warware?"

"Da wane hannun, kina can ƙarshen duniya? Haka za ta haƙura da su bana."

Na ji muryar Kawu daga gefe: "Mama, mutane suna kallo fa."

"Su kalla. Kai da ka bar ciyawa a kan kabarin ubanka jiya, da bakin magana?"

Ta miƙa wa Arvo sandarta da wayar, ta ɗauki kwalin da kanta. Ya bi ta a baya da wayar. Na ga ta durƙusa da ƙyar a gaban dutsen Mama, tana soka su cikin jar ƙasa ɗaya bayan ɗaya, tana gyara wa kowanne wuya, tana mita ƙasa-ƙasa. Har kunnen aladen ta soka. Babu wadda ta taya ta, babu kuma wanda ya hana ta. Da aka fara waƙa wayar ta yanke.

Na zauna a ɗakin. Jirgi ya busa ƙaho. Can suna buɗe tukwane, ni kuwa na ɗumama miyar gwangwani na ci a tsaye da farin takalmina. Kada in yi muku ƙarya, ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin nisa irin na ranar ba.

Wajen la'asar saƙon murya ya shigo daga wayar Arvo. Na ɗauka shi ne. Ashe ita ce, tana ihu kamar yadda take yi wa kowace na'ura:

"Yana ɗauka? To. Ke, wannan dogon naki sai da na yi masa tayi sau uku, yanzu ya cinye min kaza guda da rabi. Ki koya masa hali. Na tambaye shi me yake nufi da ke, ya ce wai tayarki yake dubawa. Sannan ki buɗe kunne: ba zan sake sa wa 'yata irin wannan aikin ba. Ranar Asabar ta farko a Fabrairu muke zama. Kujerar uwarki tana nan, na gaji da ɗora mata kwando. Ki zo da almakashinki."

Na saurara sau biyar. Ina cikin na shida wani saƙon ya faɗo a samansa, daga Kawu Vernon:

"Hanya ɗaya ce ke shiga kwarin nan, kuma ta ƙofar gidana ta bi."

Na kife wayar a tebur. Na daɗe ina kallon tafkin. Sannan na jawo aljihun tebur, na ɗauko almakashina, na sa shi a cikin jakar tafiya.